Ruwan Wikki da Masaukin Japanawa

Wanda ya tashi a Kakuri ko Makera a zamanin da jiniyar masaƙu ke kiran ma'aikata, ya san Japanawa tun bai san inda ƙasarsu take a taswira ba. Masaƙar Arewa Textiles, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, da hannun kamfanonin saƙa na Japan aka kafa ta, kuma mutanensu sun zauna a Kaduna suna kula da injina. Mun ga yadda suke aiki, har ya zama abin misali a bakin tsofaffin ma'aikata. Abin da ba mu gani ba shi ne yadda suke hutawa. Bajapane in aiki ya gallabe shi, ba otal mai hawa ashirin yake nema ba. Ƙauye yake nufa, can cikin duwatsu inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ya sauka a masaukin gargajiya da suke kira riyokan, ya jiƙa jikinsa a ruwan da suke kira onsen.

Mu ma Allah bai hana mu irin wannan ruwa ba. Akwai Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa, akwai Ikogosi a Ekiti, akwai Tafadek arewa da Agadas inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa neman sauƙi. Amma wanda ya fi suna a Arewa, kuma yake da wurin kwana a gefensa, shi ne Wikki, a tsakiyar dajin Yankari na jihar Bauci. Shi ya cancanta a ɗora a sikeli ɗaya da riyokan.

Mu fara da ruwan, tunda shi ne uban tafiya. A Japan akwai doka tun 1948 da ta fayyace ruwan da za a kira onsen: ko dai zafinsa ya kai digiri 25 a inda yake fitowa, ko kuma ya ƙunshi ɗaya daga cikin sinadarai 19 da aka lissafa, gwargwadon da aka yanka. Ruwan Wikki digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Ke nan da a Japan Allah ya ajiye shi, da tuni takardar shaidarsa na manne a bango. Yawansa ma ba na wasa ba ne. Kimanin lita miliyan 21 ke fitowa kullum daga gindin wani dutse, su gangara su shiga kogin Gaji. In aka raba, wajen lita dubu 14 da ɗari biyar ke nan a minti guda. Kusatsu, garin da ya fi ko'ina a Japan yawan ruwan zafi mai fitowa da kansa ba da famfo ba, duk maɓuɓɓugansa in an haɗa, lita dubu 32 da ɗoriya suke bayarwa a minti. Idon ruwa ɗaya tak a dajin Yankari ya kusa kama rabin wannan.

Sai dai zafin ba ɗaya ba, kuma daga nan hanya ta rabu. Japan a kan wuta take zaune, tana da duwatsu masu aman wuta 111 da ba su mutu ba, don haka ruwanta da yawa sai an surka ko an bari ya huce kafin mutum ya iya sa ƙafa. A Kusatsu har yau ana nuna wa baƙi yadda mata ke kaɗa ruwan da dogayen alluna suna waƙa, don zafinsa ya sauka ba tare da an surka shi ba. Kwamin wanka yakan tsaya a digiri 40 zuwa 42. Wannan ba ruwan iyo ba ne. Zama ake yi a ciki, ruwa iya wuya, a yi tsit, bayan 'yan mintoci a fito jiki ya yi laushi. Wani ruwan fari ne fat, wani ja-ja saboda ƙarfe, wani kuma warin farar wuta ke tashi daga cikinsa har ya kama tufafi. Na Wikki kuwa garau yake, kana hango yashi a ƙasa, ba wari ba ƙuna, ɗumi ne zalla. Tsawon wurin iyon ya kai mita 200, faɗinsa 13. Wajen gindin dutsen zurfinsa ya kusa mita biyu, can ƙasa kuma yaro ma na iya tsayawa. Mutum sai ya wuni a ciki bai sani ba.

Bahaushe ba baƙon ruwan zafi ba ne, amma a wajensa magani ne, ba shaƙatawa ba. Wankan jego shaida ne: kwana arba'in ana tafasa ruwa safe da yamma, ana fyaɗa wa mai jego da ganye, ana ɗura mata kunun kanwa, har likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi ta rubuce-rubuce a shekarun 1970 kan yadda yawan zafin da kanwar ke raunana zuciyar wasu matan. Japanawa ma daga magani suka faro. Manoma in sun gama aikin gona sukan ɗauki shinkafarsu su tare a bakin ruwan zafi mako biyu ko uku, suna dafa wa kansu, suna jinyar baya da guiwa. Toji suke ce wa wannan al'ada. A hankali masu gidajen da ke saukar da su suka mai da jinya ta zama sana'ar karɓar baƙi. Wannan matakin ne mu ba mu taka ba.

Ga yadda kwana ɗaya ke gudana a riyokan. Ana isa wajen ƙarfe uku na yamma. A bakin ƙofa za ka tuɓe takalmi. Uwargidan masaukin, wadda ake kira okami, ko ɗaya daga cikin ma'aikatanta, za ta tarbe ka ta kai ka ɗaki. Ɗakin ba gado. Tabarmar tatami ce malale, da ɗan gajeren teburi, da ƙofofin takarda masu zamewa, da taga mai kallon rafi ko dutse. Za a zuba maka koren shayi, a ajiye ɗan abin zaƙi na garin, a faɗa maka lokacin abincin dare. Sannan a nuna maka yukata, doguwar rigar auduga mai ɗamara, wadda da ita za ka je wurin wanka, ka ci abinci, ka kwanta. Attajiri da akawu duk riga ɗaya. Ba a shiga kwami da dauɗa: sai ka zauna a 'yar kujera ka cuɗa jikinka da sabulu, ka ɗauraye tas, sannan ka shiga. Sabulu ba ya taɓa ruwan kwami, tawul ma haka. Wajen shida ko bakwai a kawo abinci, ƙananan kwanoni goma ko fiye, bi da bi, kuma abin da ke cikinsu na yankin ne, na lokacin: kifin rafin da ke bayan gida, ganyayen dutse in bazara ce, laimar kwaɗi irin wadda ake ci in kaka ce. Kafin ka dawo daga wankan dare an kawar da teburin, an shimfiɗa katifar futon. Da safe wanka kuma, sai karin kumallo na shinkafa da gasasshen kifi da miya. Ƙarfe goma a raka ka har bakin hanya, ana rusuna maka har motarka ta ɓace. Kuɗin da kai ake lissafawa, ba da ɗaki ba, abinci biyu na ciki, kuma yen dubu 15 zuwa dubu 30 kowane mutum abu ne da aka saba gani.

Kwanan Wikki wani fage ne daban. Daga Bauci za ka kama hanyar Gombe, ka ratse a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, sannan ka ƙara tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai cikin daji kafin ka ga sansanin. Ɗakuna 110 ne warwatse a kan tudu, daga na manyan baƙi har na ɗalibai. Masu tarbarka na farko gwaggon biri ne da gadu. Birin Yankari ya san ledar burodi, ya san ƙofar da ba a kulle ba, kuma ba ya jin nauyin kowa. A Nagano ma akwai birai masu shiga ruwan zafi cikin dusar ƙanƙara, amma su kwaminsu daban, 'yan kallo ne ke zagaye su. Na Yankari shi ke zagaye ka. Da safe ko da yamma a ɗauke ka a mota zuwa kwarin Gaji, in da rabo ka ga giwa, ko ɓauna, ko gwanki, ko dorina. Giwayen nan, da ake ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, suna cikin manyan garkunan da suka rage a Afirka ta Yamma. Ga kogwannin Marshall da mutanen zamanin da suka fafe a jikin dutse, ga rijiyoyin Dukkey, ga kufan maƙera inda aka narka tama tun kaka da kakanni. In ka dawo da ƙura har gira, sai ka gangara matattakala ka faɗa ruwa. Babu riyokan ɗin da zai ba ka wannan, ko nawa ka biya.

Akwai kuma maganar kunya, wadda ba a iya tsallake ta. A onsen tsirara ake shiga, haihuwar uwa. Musulmi ya san tsakanin cibiya da guiwa al'aura ce ko a gaban ɗan'uwansa namiji, Kiristan Sabon Tasha ko Narayi ma ba tarbiyyar da ya tashi a ciki ba ce. Mafita ita ce kwamin da ake kamawa na iyali, a kulle ƙofa, ko ɗaki mai kwaminsa, wanda kuɗinsa ya fi. Abincin ma sai an yi hattara, domin giyar shinkafa na shiga miya da romo, alade na shiga tukunya, sai an sanar da masu gida tun kafin a zo. A nan Wikki ya yi nasara, tunda kowa da tufafinsa yake shiga. To amma duba wani abu. Japanawan da ke tuɓewa sun raba maza da mata, labule shuɗi na maza, ja na mata, kuma inda kwamin waje ɗaya ne sukan raba shi da awoyi. Mu da muke rufe jiki mun haɗa kowa a ruwa ɗaya. Abin da ke biyowa baya sananne ne: samari da yara na ta tsalle, matan aure kuwa na zaune a gaɓa suna gadin jakunkuna da takalma. Magidanci ya sha mai tun daga Barnawa ya kawo iyalinsa, uwargida ta koma ba abin da ya taɓa ruwan sai tafin ƙafarta. Awa biyu da safe a ce na mata ne zalla, da mata masu tsaro, ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Amma babban bambancin, a ganina, ba a ruwa yake ba, ba a tufafi ba. Tambayar ita ce, gidan na wane ne? A jihar Yamanashi akwai masaukin Keiunkan da aka kafa a shekara ta 705, wanda kundin Guinness ya amince a 2011 cewa shi ne otal mafi tsufa a duniya. Zuri'a ɗaya ta riƙe shi har magada 52, sai a 2017 da aka rasa mai karɓa a dangi aka miƙa shi ga manajan gidan. Masaukin Hoshi a Ishikawa tun 718 yake. Matar da ke tarbar ka a irin wannan gida, in tabarma ta yage sunan gidansu ne ya yage, kuma tana tunanin ɗiyarta ko surukarta da za ta gaje ta. Yanzu dubi Yankari. An keɓe dajin a 1956 ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa jama'a a watan Disambar 1962. Ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas, sannan Bauci a 1976, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 ya zama gandun ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa Bauci. Cikin shekara hamsin ya sake iyayengiji har sau huɗu. Ma'aikacin gwamnati, komai kirkinsa, ya san gobe ana iya yi masa canjin wurin aiki, kuma albashinsa ba ya ƙaruwa don baƙo ya yi barci mai daɗi. Mutanen Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977, mun ga yadda ya zama kango, mun ga ranar da aka rushe shi a Janairun 2020. Na tafkin Bagauda a Kano kuwa makarantar horar da lauyoyi ya koma.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, wannan sana'a ta Japanawa ba baƙuwarmu ba ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba a otal suke sauka ba. A kowane zango, daga Salaga har Sabon Ibadan, akwai maigida ko fatoma da ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashinsa. Jarinsa duka sunansa ne, in ya ɓaci a hanya ɗaya ya ɓaci har Kano. Mu muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da muka tashi gina wuraren shaƙatawa sai muka ajiye wannan gefe, muka kwaikwayi gidan saukar baƙin Turawan mulki: kanta, da rajista, da makulli mai lamba. Har abincin ma. A yawancin irin waɗannan wurare abin da za a ajiye maka shi ne wanda za ka ci a kowane otal na Kaduna, shinkafa da kaza da soyayyen dankali. Alhali wane ne bai san masar Bauci ba? Ga miyar taushe, ga kunun gyaɗa, ga fura da nonon da aka tatso da safe, ga zuma. Da Bajapane ne ke da wurin, da a ƙananan akusa goma zai jera maka su, yana faɗa maka ƙauyen da kowanne ya fito.

Maganar ƙauye ta tuna mini Kurokawa, wani ɗan gari a Kumamoto mai masaukai kusan talatin, wanda a da ba a san da shi ba. A 1986 masu masaukan suka haɗa kai suka fito da wani tikitin katako da ke ba baƙo damar wanka a gidaje uku da ya zaɓa, suka shuka itatuwa, suka cire allunan talla masu ƙyalli, suka ɗauki garin duka tamkar gida ɗaya. Cikin 'yan shekaru ya zama sai an yi kamun wuri tun da nisa. Ban da haka, duk mai wanka a onsen yana biyan ɗan haraji, galibi yen 150, wanda ke shiga asusun ƙaramar hukumar wurin. Wikki ba shi da gari a gefensa, kuma bai kamata ya samu ba, domin daji ne na namun dawa. Amma mutanen Mainamaji da Duguri da sauran ƙauyukan gefen dajin su ne giwa ke cinye wa gona. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fara aiki da gwamnatin Bauci bisa yarjejeniya wajen tsaron dajin daga mafarauta. Sintiri na da amfani, amma manomin da matarsa ke sayar wa sansanin masa, ɗansa kuma ke jagorantar baƙi, ba zai ɓoye maharbin giwa a rumbunsa ba.

Kada a ɗauka riyokan aljanna ce. A 1980 akwai sama da dubu 83 a Japan, zuwa 2017 ba su kai dubu 40 ba. Matasa sun gudu birni, magada sun yi wuya, wasu garuruwan wankan sun cika da kangwaye. Ha'inci ma bai bar su ba. A 2004 aka gano wasu wuraren wanka a Shirahone na Nagano suna zuba sinadari don ruwan ya riƙe farinsa na da, abin ya zama abin kunya a ƙasa baki ɗaya, har aka wajabta wa kowane gida ya rubuta a fili ko yana surka ruwansa, ko yana ɗumama shi, ko yana maimaita shi. Ga kuma takura. Mu da muka saba abinci ya jira maigida, a can maigida ke jiran abinci, in ka makara ka ɓata wa masu kicin tsari. Iyali irin namu, mai yara shida da ƙanwar uwargida da hayaniyarsu, zai sha harara a gidan da bangonsa takarda ne. Balle kuɗin jirgi ta Adis Ababa ko Doha, da biza, da canjin yen.

Hanya ita ce inda ba mu da ta cewa. Bajapane zai hau jirgin ƙasa, ya sauka ya hau bas ɗin ƙauye da ke zuwa a kan minti, ya isa cikin dutse da dare hankalinsa kwance. Daga kudancin Kaduna zuwa Wikki tafiya ce da ta tasam ma kilomita 500, ko ta Saminaka ko ta Kachiya a ɓulla Jos, kuma kowa ya san ba a yin ta da dare. Fadar Kajuru, wadda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 a nan bayan gidanmu, ta ga abin da rashin tsaro ke yi wa wurin shaƙatawa: a watan Afrilun 2019 'yan bindiga suka kai hari suka kashe mutum biyu. Wanda ke waige-waige ba ya hutawa.

In aka ce in yanke hukunci, ruwa da daji na Wikki ne, masauki na Japanawa ne, kuma nasu ɗin ne ake iya koya. Kirana ga gwamnatin Bauci shi ne ta riƙe dajin da namunsa, amma ta ba da ɗakunan kwanan haya mai dogon zango ga wanda zai sa sunansa a ƙofa, ya san 'ya'yansa za su gada, da sharaɗin ma'aikata da abinci su fito daga ƙauyukan gefen dajin, a kuma ware wa mata lokacinsu a ruwa. Kai kuma mai karatu, kada ka jira sai an gyara. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, namun daji na taruwa a bakin Gaji, lokacin zuwa ke nan. Ka bar Kaduna da asuba, ka tafi da uwargida da yara, kuma ka kulle ƙofar ɗakinka saboda biri.